Aron Soja, Aron da Babu Ranar Mayarwa

Kowace sana'a tana da kalmomin da take lulluɓe ɓarnarta da su, kuma a sana'ar soja babu wadda ta kai "na ɗan lokaci" aiki. Idan runduna ta shiga gari ta ga gida ko gona ko filin da ya yi mata, ba ta cewa ta ƙwace. Cewa take yi ta ara saboda larurar tsaro, da zarar ƙura ta lafa za ta mayar. Ina da ja a kan wannan magana, ja mai ƙarfi kuwa. A iya sanin Bahaushe, aro sai da yardar mai abu, sai da ranar mayarwa, kuma mai abu yana da bakin tambayar kayansa. Duk karɓar da ta rasa waɗannan ƙwace ce, ko da an buga mata hatimi goma. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, ƙarancin muhallin da ake ɗora wa yaƙi laifinsa, kaso mai yawa nasa aikin hannun da ya riƙe ƙasa ne bayan bindiga ta yi shiru.

Shaidata tana can nesa, a Okinawa, wani tsibiri da ke kudancin ƙasar Japan. Na zaɓe shi ne saboda abin da aka yi a can ba a ɓoye aka yi shi ba, da doka da takarda aka yi. Ƙasar da ta yi shi kuma, wato Amurka, babu wadda ta fi ta alfahari da kare dukiyar mutum. Sannan an yi kimanin shekara 80 ana abu guda, lokacin da ya isa a ga ƙarshen kowane alkawari.

Adalci ne a fara da cewa ba baƙo ne ya soma cin ƙasar mutanen Okinawa ba. Tun a shekarun 1943 da 1944, sojan Japan, wato sojan ƙasarsu, ya karɓe gonaki a Yomitan da Kadena da tsibirin Iejima ya shimfiɗa filayen jiragen yaƙi, ya mai da makarantu da gidajen jama'a masaukin dakarunsa. Da yaƙi ya tsananta, har daga kogunan dutse da iyalai suka fake a ciki an kori wasu don soja ya sami maɓuya. Na kawo wannan ne domin kada wani ya zaci matsalar ta baƙunta ce. Duk rundunar da aka sakar wa mara, ta gida ko ta waje, haka take yi.

Ranar 1 ga Afrilu 1945 sojojin Amurka suka sauka a babban tsibirin, aka gwabza har zuwa ƙarshen Yuni. Mutum kusan dubu 200 suka halaka, kuma ana ƙiyasta cewa cikin kowane mutum huɗu na Okinawa ɗaya ya mutu. Waɗanda suka tsira aka tattara su a sansanonin tsare farar hula. Suna can tsare aka auna ƙasarsu, aka baje abin da ya saura na gidajensu, aka kewaye da waya. Ƙauyen Ginowan misali ne. Yana da ofishin hukuma da makarantar firamare da kasuwa da maƙabartu, ga wata doguwar hanya mai jerin itatuwa da mutanen wurin ke tinƙaho da ita. Da aka sallami mutanensa suka dawo, sai suka tarar da filin jirgin sama na Futenma shimfiɗe a kan garinsu. Babu wanda aka tambaya, babu wanda aka ba ko da guntun takarda. Suka raɓa a gefen waya, inda soja ya nuna musu.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da yadda ake ƙera ƙarancin muhalli. Ƙasar da soja yake so ita ce ƙasar da mai gini yake so: shimfiɗaɗɗiya, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, kusa da hanya da tashar jiragen ruwa. Soja ba ya neman tsauni ko fadama. Don haka idan ya ɗauki kaso goma cikin ɗari na ƙasa, to ya ɗauki mafi kyawun goman ne, ya bar wa jama'a gangare da kwazazzabo. A Okinawa, manyan sansanonin sun zauna ne a tsakiya da kudancin tsibirin, daidai inda mafi yawan jama'a suke.

Dubi abin da ya sami Naha, babban birnin. Harin jiragen sama na 10 ga Oktoba 1944 ya ƙone kusan kashi 90 cikin ɗari nasa. Wannan ɓarnar yaƙi ce, ban musa ba. Amma bayan yaƙin, soja ya rufe birnin ya hana masu shi komawa. Waɗanda aka fara bari su shiga, a watan Nuwamba 1945, magina tukwane ne na unguwar Tsuboya, domin ana bukatar kwanukan cin abinci da kayan rufin ɗaki na yumɓu. A kewayen wannan ƴar unguwa jama'a suka yi ta cunkusuwa, bukka na jingina da bukka, lungu ba ya ɗaukar mota, alhali tsohuwar cibiyar birnin tana kulle shekara da shekaru. Ana cikin haka, daga 1946 aka soma dawo da ƴan asalin tsibirin da ke zaune a sauran sassan Japan da Taiwan da tsibiran tekun Pasifik, mutum fiye da dubu 100. Jama'a ta ƙaru, ƙasa ta ragu. Maganin da hukumar soja ta kawo shi ne ƴan ɗakunan katako masu rufin tanti ko ciyawa, waɗanda guguwar teku ke ɗagawa duk damina, da kuma umurnin a tsugunar da wanda aka kora a filin wani. Takardun mallakar ƙasa kuwa sun ƙone a yaƙin. Ta haka aka haɗa maƙwabci da maƙwabci rigimar iyaka ta shekaru, wanda ya haddasa ta yana bayan waya yana kallo.

Ba a rasa doka a lokacin ba. Ƙa'idojin yaƙi da aka amince da su a birnin Hague a 1907 sun hana ƙwace dukiyar mutum a sashe na 46. Sashe na 52 ya yarda rundunar mamaya ta karɓi abin da take bukata, amma da sharaɗin ya kasance don bukatarta ta lokacin, gwargwadon ƙarfin ƙasar, a biya nan take idan da hali, in babu a ba da rasit a biya da wuri. Waɗanda suka tsara wannan doka abincin doki da masaukin dare suke hange. Babu inda ta ba wani ikon binne ƙauye a ƙarƙashin kwalta har jikoki su tsufa.

Da yarjejeniyar zaman lafiya ta San Francisco ta soma aiki ranar 28 ga Afrilu 1952, Japan ta karɓi ƴancinta, aka bar Okinawa a hannun Amurka. Yaƙi ya ƙare a takarda, hujjar mamaya ta faɗi. Mai gaskiya a nan mayar da kayan mutane zai yi. Maimakon haka sai aka fito da takardun haya na shekara 20 a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Mafi yawan masu ƙasa suka ƙi sa hannu. Amsar da aka ba su ita ce Doka ta 109, wadda hukumar mulkin Amurka ta kafa a watan Afrilu 1953. Ma'anarta a taƙaice: in ka sa hannu mun karɓa, in ka ƙi mun karɓa. Mai ƙwace shi ya rubuta dokar, shi ya yanke farashi, shi ya naɗa masu sauraron koke.

Abin da ya biyo baya, mutanen Okinawa har yau suna kiransa zamanin katafila da wuƙar bakin bindiga. A cikin watan da aka kafa dokar aka afka wa Mekaru da Aja a gefen Naha. A watan Maris 1955 sojoji ɗauke da makamai suka sauka a Iejima, suka rushe gidaje, suka cinna wa wasu wuta, suka bar manoma a tantuna, domin ana son filin gwajin jefa bama-bamai. Ranar 19 ga Yuli na shekarar, kafin gari ya waye, aka kewaye Isahama, ƙauyen da ake yabon shinkafarsa a duk tsibirin, aka tashi gidaje 32. Mutanensa suka kwana a ajujuwan wata makarantar firamare, daga bisani wasunsu suka yi ƙaura har Barazil. Duk wannan shekara takwas zuwa goma bayan an daina harbi.

To me aka gina a Mekaru, da har ya cancanci a tashi mutane daga gadajensu? Gidajen kwana. An rushe gidajen ƴan ƙasa aka gina unguwar iyalan sojan Amurka mai faɗin kusan hekta 200, da filin wasan golf da tafkin ninƙaya da makaranta, gida nan, gida can, ciyawa shar a tsakani. Daga bakin waya yaron Naha da ke kwana da ƴan'uwansa shida a ɗaki guda yana iya hango ta. Ina son wanda ke kare irin wannan aiki da sunan tsaro ya gaya mini maƙiyin da filin golf ya taɓa tarewa.

Abin takaicin ya fi haka. Cikin ƙorafe-ƙorafen da Amurkawa suka jera wa Sarkin Ingila a takardar shelar ƴancinsu ta 1776, har da girke musu sojoji masu yawa a tsakaninsu. Abin ya yi musu ciwo har suka sa shi a tsarin mulkinsu: gyara na uku, na 1791, ya hana a saukar da soja a gidan mutum lokacin zaman lafiya ba da yardarsa ba, lokacin yaƙi ma sai ta hanyar da doka ta tsara. Sun san zafin abin sarai. Sun dai ɗauka cewa ɗakin manomin Iejima bai kai ɗaki ba.

Mutanen tsibirin ba su naɗe hannu ba. Wani manomin Iejima mai suna Ahagon Shoko ya jagoranci ƴan'uwansa suka zagaya babban tsibirin a ƙasa suna bara suna ba da labarin abin da ya same su, tafiyar da aka sani da tattakin mabarata. Tun a 1954 majalisar dokokinsu ta tsai da bukatu huɗu: kada a biya kuɗin ƙasa a dunƙule domin hakan saye ne a fakaice, a biya haya ta gaskiya, a biya diyyar ɓarna, kuma kada a ƙara karɓar ko taku ɗaya. Majalisar wakilan Amurka ta aiko da kwamiti a ƙarƙashin Melvin Price, rahotonsa na Yuni 1956 kuma ya goyi bayan biya a dunƙule da ƙarin karɓar ƙasa. Tsibirin gaba ɗaya ya tashi. Daga ƙarshe aka janye biya a dunƙule, aka ƙara kuɗin haya, amma ƙasa ta zauna inda take. Waɗanda wuri ya yi wa kaɗan kuma aka nuna musu hanyar jirgin ruwa: daga 1954 aka riƙa kwasar iyalai zuwa dajin Santa Cruz a Bolibiya, inda annoba ta kashe wasu daga cikin rukunin farko. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, ɗan gari kaba. A Okinawa an juya karin maganar, raɓa ta kafe, kaba aka tumɓuke.

Ranar 15 ga Mayu 1972 aka mayar da mulkin tsibirin hannun Japan, jama'a suka sa rai ƙasarsu za ta biyo baya. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Gwamnatin Tokyo ta kafa dokar ci gaba da amfani da filayen "na wucin gadi" har shekara biyar, da wa'adin ya cika aka ƙara. A 1995 Gwamna Ota Masahide ya ƙi sa hannu a madadin masu ƙasar da suka ƙi sabunta haya. Gwamnatin tsakiya ta kai shi ƙara, Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya a Agusta 1996. A daidai wannan lokaci wa'adin hayar wani ɗan fili na Chibana Shoichi a Yomitan ya ƙare, hukuma ta ci gaba da riƙe shi fiye da shekara guda ba tare da wata hujjar doka ba, sannan a 1997 aka gyara dokar ta dace da abin da aka riga aka yi. Filin jirgin Futenma kuwa, a watan Afrilu 1996 gwamnatocin biyu suka yi shelar za a mayar da shi cikin shekara biyar zuwa bakwai. Yaran da aka haifa a ranar shelar sun yi aure sun haihu, jirage na nan suna tashi. Wannan shi ne tsawon "ɗan lokaci" a agogon soja.

Na san hujjojin da ake kawowa, kuma ba zan tsallake su ba. Ta farko ita ce larura: ga yaƙin Koriya, ga na Biyetnam, ga China da Koriya ta Arewa a kusa, dole a girke soja a wani wuri. Na yarda ƙasa tana bukatar tsaro, na kuma yarda soja ba a iska yake kwana ba. Sai dai malamanmu na fiƙihu da suka ce larura tana halatta abin da aka hana, su ne suka ce ana auna ta gwargwadonta. Okinawa kashi 0.6 ce kawai cikin ɗari na faɗin Japan, amma tana ɗauke da kusan kashi 70 na filayen da aka keɓe wa sojan Amurka a ƙasar. Ba taswira ce ta yanke haka ba. A shekarun 1950, lokacin da jama'ar sauran sassan Japan ke bore kan sansanoni, aka kwashe rundunonin da ke Gifu da Yamanashi aka kai su Okinawa, inda mutane ba su da wakili a majalisar Tokyo balle ta Washington. An zaɓi wurin da kukan mutanensa ba ya kai wa kunnen kowa, aka kira zaɓin larura.

Hujja ta biyu ita ce ai ana biyan haya, kuma sansanoni suna ciyar da tsibirin. Hayar da ba ka da ikon ƙin ta, sunan haya kawai ta ara. Ban da haka, mai takardar fili take shiga wa aljihu. Ɗan haya da saurayin da ke neman ɗakin da zai ajiye amarya ba sa ganin ko sisi, su ne kuma ke biyan tsadar ƴar ƙasar da ta rage. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A garin Kadena, kimanin kashi 80 cikin ɗari na ƙasar garin yana bayan waya, jama'a na matse a sauran. Batun ciyarwa kuma lissafin gwamnatin lardin ya ƙaryata shi: abin da ke shigowa ta dalilin sansanoni ya sauko daga kimanin kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar lardin a 1972 zuwa wajen kashi 5. Unguwar nan ta Mekaru da aka gama mayarwa a 1987, yau ita ce sabuwar cibiyar Naha, cike da gidajen bene da makarantu da kantuna da gidan tarihi, kuma lardin ya ƙiyasta amfaninta ga tattalin arziki ya ninka na zamanin waya fiye da sau 30. Shekara talatin da ɗoriya birnin ya yi yana numfashi da huhu ɗaya.

Hujja ta uku ta fi sauran rashin kunya. A 2015 wani shahararren marubucin Japan ya ce ai Futenma a tsakiyar gonakin shinkafa aka gina shi, mutane ne suka zo suka kewaye shi don neman kuɗi. Zuriyar Ginowan suka fito da hotuna da taswirar garinsu suka nuna masa. Har yau sai sun nemi izini kafin su shiga sansanin su share kaburburan kakanninsu. Sansanin ya cinye kusan rubu'in birnin, daga tsakiya kuma, don haka gidaje da makarantu suka zagaye shi ala tilas. A watan Agusta 2004 jirgi mai saukar ungulu ya faɗo a harabar wata jami'a da ke jikin waya, a Disamba 2017 kuma tagar wani jirgin ta faɗo a filin wasan makarantar firamare yara suna waje. A kore ka daga ɗakinka, ka kwanta a ƙofa, sannan a ce kai ka tare hanya.

Ba da ƙaramin soja nake faɗa ba, wanda aka turo ya bar nasa iyalin, sau da yawa shi ma a ɗakin haya. Faɗana da tsarin da ke barin mai bukatar ƙasa ya zama shi ne alƙalin bukatarsa. Abin da nake nema bai wuce abin da kowane mai ba da aro ke nema ba. Duk abin da soja zai karɓa a rubuta shi, a miƙa wa mai shi takarda a hannu a ranar. A sa wa'adi da kwanan wata, in ya cika karɓar ta mutu da kanta, sai in alƙalin farar hula ya saurari ɓangarorin biyu ya sabunta. A biya diyya kafin a tashi mutum, a lissafa har da ɗan haya, kuma kada katafila ta taɓa bango sai an nuna wa mai gida inda zai kwana. Gidan kwana ya zama abu na ƙarshe da za a taɓa, bayan an rasa filin gwamnati. Rundunar da ta ce waɗannan sharuɗɗa sun yi mata nauyi ta tona asirin kanta, domin mai niyyar mayarwa ba ya tsoron rasit.

Wani zai ce ina ruwan Bahaushe da tsibirin da ke bayan duniya. Ruwansa shi ne, tun 2009 yankinmu ke cikin yaƙi, daga gaɓar Tafkin Chadi har dazukan Zamfara da Tillaberi, kuma ko'ina soja ya sauka yana bukatar wurin kafa sansani. Garuruwan da ƴan gudun hijira suka cika sun riga sun san tsadar ɗaki. Sashe na 44 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya hana a karɓi dukiyar mutum da tilas sai ta dokar da ta tanadi biyan diyya cikin gaggawa da damar zuwa kotu. Magana ce mai kyau, amma ƙa'idojin Hague ma masu kyau ne, kuma suna nan a rubuce ranar da aka binne Ginowan. Doka ba ta tashi ta kare kowa sai an ɗauke ta an kai gaban alƙali tun abin yana ɗanye, tun shaidu suna raye, tun ana iya nuna inda katanga take. Mutanen Okinawa ba su sami wannan dama ba, suna tsare aka auna ƙasarsu. Mu muna da ita. Ranar da aka ce wa mai gida ya ba da aro, a ranar ya kamata dagaci da lauya da ɗan jarida su tambayi ranar mayarwa, su kuma ga an rubuta ta.